Santimita biyar tsakanin gada da tsatsa: abin da ruwa da gishiri ke yi wa gadojin Adar

Wanda ya saba bin hanyar Madawa zuwa Buza, ya zarce Keita da Tamaske, ko ya ratse ya gangara kwarin Maggiya wajen Tama, ya san ƙasar Adar ba ta barin hanya ta miƙe sambal. Dutse ne, sai gangare, sai ƙorama, sai kuma wani dutsen. Duk inda ƙorama ta gitta dole a gina wani abu: ko gada sosai mai ginshiƙai, ko dalo, kwalbatin nan mai baki biyu ko uku, ko kuwa radiye, shimfiɗar kankaren da ake kwantarwa a cikin ƙoramar ruwa ya riƙa bi ta kanta. Wata takwas a shekara duk a bushe suke ƙayau. Awaki ke shan inuwa a ƙarƙashinsu, matafiyi kuwa ba ya ma sanin ya haye su sai dai ya ji mota ta ɗan yi tsalle.

Da zai sauka ya sunkuya ya leƙa cikin ɗaya daga cikin tsofaffin, da ya ga abin da ba a gani daga sama. Fararen layuka sun gangaro daga rufin, alamar ruwa ya daɗe yana ratsowa yana wanko farar ƙasar da ke cikin siminti. Kusa da su ga jan tabo, ruwan tsatsa ne ya bushe. Wani wurin ɓallin kankare mai faɗin tafin hannu ya zube ƙasa, rodi ya fito fili, ya kumbura, ya yi ɓawo-ɓawo har farce na iya ɓantararsa. In ka ƙwanƙwasa gefen wurin da dutse sai ka ji sautin ya canza, ya koma na abin da ba kome a cikinsa. Kankaren ya riga ya rabu da ƙarfen, lokaci kawai yake jira.

Ranar da irin wannan gini ya karye a watan Agusta, cewa za a yi ruwa ya tafi da shi. Gaskiya ne ambaliya na iya cin lafiyayyar gada, daminar 2024 ma ta nuna haka: a ƙidayar hukumomin Nijar mutum kusan 400 suka rasu, abin ya shafi kimanin mutum miliyan 1 da rabi, manyan hanyoyin shiga Yamai suka yanke a watan Agusta, har aka ɗage komawa makaranta zuwa ƙarshen Oktoba. Amma sau da yawa ambaliya ƙarasawa take yi. Ruwan da ya fara aikin ba shi da ƙara, ba ya fitowa a talabijin. Shi ne wanda ke kwanciya a doron gada bayan an ɗauke, ya tsotse cikin tsaga, shekara da shekaru, har ya cim ma ƙarfe.

Yadda ƙarfe ke ruɓewa a cikin kankare

Kankare gwani ne wajen ɗaukar nauyin da ya danne shi, amma ba ya jure ja ko lanƙwasa. Shi ya sa ake saƙa rodi a cikinsa. In tirela ta hau doron gada, sama na matsuwa, ƙasa na miƙewa, rodin da ke ƙasa shi ke riƙe da wannan miƙewar. Zaman nasu ya yi daidai ta wata fuskar kuma. Danshin da ke cikin ƙananan ƙofofin kankare yana da kaifi sosai, ya kai wajen 13 a ma'aunin pH, kuma a cikin irin wannan kaifi ƙarfe kan yi wa kansa wata siririyar fata da ido ba ya gani, wadda ke hana shi tsatsa. Muddin fatar nan na nan, rodi na iya shekara 100 a cikin kankare yana nan sabo.

Abu biyu ke karya ta. Na farko iskar kabon da ke gauraye da iskar da muke shaƙa. Tana kutsawa cikin kankare daga waje sannu a hankali, duk inda ta kai sai kaifin ya sauka zuwa wajen 9, kariyar ta tafi. A kankaren da aka kwaɓa da kyau tana iya shafe shekaru 50 ba ta ci santimita 3 ba. A wanda aka cika wa ruwa aka ƙi ba shi siminti, cikin shekaru 10 ko 15 sai ta wuce santimita 2. Na biyu gishiri, wato sinadarin kulorid da ke cikinsa. Shi ba ya jiran kaifi ya sauka, huda fatar yake yi a wuri guda ya yi rami a jikin rodin, yana cinsa ta ciki alhali waje lafiya lau.

Da tsatsa ta kama, sauran aikin ita ke yi. Ta fi ƙarfen da ta fito daga gare shi girma ninki 2 zuwa 6, wurin da take kuma babu sarari. Sai ta tura kankaren da ke lulluɓe da ita, ya tsage, tsagar ta ƙara shigo da ruwa da iska, tsatsar ta ƙaru. Yanayin Adar kuwa ya dace da wannan ɓarna fiye da yadda ake zato. Bayan damina, lokacin da kankare ya sha iska bai gama bushewa ba, iskar kabon ta fi saurin shiga. Damina ta dawo da danshin da tsatsa ke buƙata. Zafin bazara, da kan haura digiri 40 a inuwa, yana hanzarta kome. Ɗori a kan haka, doron gada mai tsawon mita 30 na iya miƙewa da tsukewa kusan santimita 1 in zafin jikinsa ya sauya da digiri 30, kuma wannan motsin ne ke buɗe mahaɗai da tsagogi ruwa ya sami hanya.

Mu da ba mu da dusar ƙanƙara

Maganar shimfiɗar hana yoyo a doron gada daga ƙasashen sanyi ta taso. A can, don kada hanya ta daskare motoci su riƙa zamewa, tan-tan na gishiri ake watsawa kan titi duk hunturu. Bayan yaƙin duniya na biyu abin ya yawaita, ba a jima ba kuwa gadojin da aka yi zaton za su shekara ɗari suka fara ɓarewa. Birtaniya ta wajabta shimfiɗar tun 1965. Faransa ta tanadi kundin ƙa'ida na musamman a kanta, mai lamba 67 a cikin kundayen ayyukan gwamnati, kuma ƙa'idojin Faransa ne injiniyoyin ƙasashen da ta rena suka fi aiki da su.

Inda aka yi sakaci an ga sakamako. Ranar 30 ga Satumba 2006 wani ɓangare na gadar sama ta De la Concorde, a garin Laval kusa da Montreal a Kanada, ya rufta kan motocin da ke wucewa ta ƙasa, mutum 5 suka mutu. Kwamitin binciken da tsohon firimiyan Kebek Pierre Marc Johnson ya jagoranta ya ce an tsara rodin ba daidai ba, an ɗaure shi ba inda ya kamata ba, kankaren ba shi da inganci, sannan ya lissafa rashin ingantacciyar kariya daga ruwa a doron gadar cikin abubuwan da suka taimaka. Adarawa masu ci-rani a Legas, Kwatano da Abijan su ma sun san aikin gishiri, ko da ba a gada ba: a bakin teku ƙofar ƙarfe ko kwanon rufi ba sa daɗewa.

Daga nan ne wasu ke cewa mu ina ruwanmu. Ba ma watsa gishiri a hanya, teku kuma na can nesa da mu fiye da kilomita 800. Rabin maganar gaskiya ne, kuma bai kamata a kwafo tsarin Kanada a kawo Tama ido rufe ba. Sauran rabin kuwa yana ƙarƙashin ƙafarmu.

Ƙasar Adar tsohon gindin teku ce. Kimanin shekaru miliyan 60 da suka wuce ruwan gishiri ne kwance a inda Keita, Buza da Malbaza suke yau, shi ya sa ake tsintar ƙwanson dabbobin ruwa da suka zama dutse a jikin tsaunuka. Tekun ya bar dutsen farar ƙasa, wanda saboda shi aka kafa masana'antar siminti a Malbaza tun shekarun 1960, aka kuma ƙaddamar da sabuwa a 2019. Ya bar jipsum kuma, dutsen nan mai ƙyalli da ke cikin yumɓun gangare, wanda mutanen ƙauyuka kan tono su tara su sayar. Ɗan kaɗan daga cikinsa dole ne a cikin siminti, shi ke hana shi saurin daskarewa a hannun magini. Amma in ruwan ƙasa ya narkar da shi ya kwanta jikin busasshen kankare, gishirin salfet da ke cikinsa kan shiga ya haɗu da simintin ya haifar da wasu ƙwayoyi masu kumburi, kankaren ya yi laushi ya riƙa zubewa gari-gari. Wannan ba ta sama yake zuwa ba. Harsashi yake kamawa, da bangon dalo da ke binne cikin ƙasa.

Akwai kuma gishirin da magini ke zubawa da hannunsa. Aikin hanya a rani ake yinsa, ruwa kuwa a lokacin tsada gare shi, don haka rijiya ko tabkin da ya fi kusa shi tankar ke nufa. Wasu rijiyoyin kwari zartsi ne, kowa a ƙauyen ya san wadda ba a shan ruwanta sai wanki. Ƙa'idar Turai ta ruwan kwaɓi ba ta yarda kulorid ya wuce giram 1 a lita ba in akwai rodi a cikin kankaren, salfet kuma kada ya wuce giram 2. Auna wannan a ɗakin gwaji ba wani kuɗi ba ne. In ba a auna ba aka kwaɓa da ruwan zartsi, an binne cutar tare da ƙarfen tun ranar farko, kuma babu shimfiɗar da za ta fitar da ita. Ragowar, irin ɗigon buhunan gishiri, kanwa da takin zamani daga motocin da ruwa ya doka a hanya, ko kashi da fitsarin garken da ke taruwa a gefen gada yana riƙe danshi, ƙanana ne in aka gwada da na ƙasashen sanyi. Ƙanana ne, amma duk shekara suna nan.

Tabarmar kwalta

Abin da ake nufi da shimfiɗar hana yoyo ba wani abin mamaki ba ne ga wanda ya tashi a gidan soro. Ya san rufin ƙasa ba ya yoyo sai in daɓen ya tsage ko indararo ya toshe, ya kuma san kafin damina ake hawa a gyara su. Doron gada ma rufi ne, sai dai motoci ke tafiya a kansa. Kwaltar da ke sama ba ta hana ruwa ratsawa gaba ɗaya, don haka tsakaninta da kankare ake sa wani abu da ruwa ba ya wucewa.

Iri uku aka fi amfani da su. Akwai tabarmar kwalta da ake kawowa a naɗe daga masana'anta, faɗinta mita 1, kaurinta milimita 4 zuwa 5, da zaren roba a tsakiya don kada ta yage. Akwai ruwan roba da ake fesawa ya daskare ya zama fata ɗaya ba ɗinki, kaurin milimita 2 ko sama da haka. Akwai kuma narkakkiyar kwalta mai kauri da ake zubawa da zafinta a baje. Ta farkon ta fi dacewa da aljihunmu da kayan aikinmu, domin tukunyar gas da bututun wuta da ma'aikata masu haƙuri sun isa.

Haƙurin nan shi ne matsalar. Sai an bar kankaren ya yi makonni ya bushe. Sai an kankare farar fatar siminti da ke samansa, an cike ramuka, an share ƙura tas, a ƙasar da iskar hunturu ke mayar da ƙurar kafin mai tsintsiya ya kai ɗaya ƙarshen. Sai a shafa ruwan kwalta mai tsinkewa ya kama jikin kankaren. Sannan mutum ɗaya ya riƙa gasa ƙasan tabarmar da wuta, wani na tura naɗin a hankali, narkakkiyar kwalta na gudu a gabansa. Daga gangare ake farawa a yi sama, kowace tabarma ta hau kan ta ƙasanta da kusan santimita 10, don ruwa ya bi ta kan ɗinkin kada ya shiga ƙarƙashinsa. A gefe, sai an ɗaga ta ta hau jikin dakalin masu tafiya a ƙasa, a bakin kowace magudana kuma a lanƙwasa ta ta shiga ciki. A waɗannan wurare ne, gefe da magudana da mahaɗa, mafi yawan yoyo ke farawa, nan ne kuma ma'aikaci ya fi gajiya.

Zafinmu yana da nasa sharri. Rana in ta doki baƙar tabarma, danshin da ya rage cikin kankare sai ya zama tururi ya ɗaga ta, ta yi bororo nan da can. Abin nadi na bi ta kai sai bororon ya fashe, a rufe shi da kwalta ba wanda ya gani. Maganin sananne ne: a yi aikin da yamma lokacin da kankare ke hucewa, kada a bar tabarmar a rana kwana da kwanaki, in dole ta jira a shafa mata farin fenti ko a rufe ta, sannan kwaltar da za ta hau kanta ta kai kaurin santimita 7, nauyinta ya danne ta.

A nan ne gizo ke saƙa. Da yawa daga cikin hanyoyin karkararmu ba su da irin wannan kwalta mai kauri. Wasu fesi biyu ne na kwalta da tsakuwa, kaurinsu bai fi santimita 2 ba. Wasu jar ƙasa ce zalla, gada kuwa tsirara take, taya da kofato da ƙafar amalanke a kan kankare suke tafiya. Shimfiɗa tabarma a irin wannan wuri ba tare da abin da zai kare ta ba asarar kuɗi ce, kafin kaka ta yage. Ko dai a sa kuɗin kwalta mai kauri a kan gadar kaɗai, abin da ba shi da yawa tunda gadojin gajeru ne, ko a nemi kariyar a cikin kankaren kansa: a ƙara kaurin da ke saman rodi, a ba doron gangare na kashi 2 zuwa 2 da rabi cikin 100 don kada ruwa ya kwanta, a shafa masa ruwan maganin nan da ke shiga ƙofofinsa ya sa ruwa ya riƙa zamewa. A ganina duk gada mai ginshiƙai da za a gina a kan babbar hanya, daga hanya mai lamba 1 da ta ratsa Ƙonni, Galmi da Madawa har zuwa wadda ta haura Buza da Keita, bai kamata a karɓe ta ba tare da shimfiɗar ba. Kuɗinta kaso kaɗan ne ƙwarai a cikin kuɗin gada, kuma sake doron gada ya ninka shi ba adadi.

Inda tabarma ba ta da amfani

Sai dai gadoji masu ginshiƙai su ne ƴan tsiraru a Adar. Dalo da radiye sun fi yawa nesa ba kusa ba, musamman a hanyoyin karkara irin waɗanda shirin ProDAF, da asusun IFAD ya tallafa wa a jihohin Tawa, Maraɗi da Damagaram tun 2015, ya gina don haɗa gonaki da kasuwanni. Radiye an yi ta ne don ruwa ya hau kanta, tare da rairayi da duwatsun da ya kwaso daga tsauni. Abin da ke kashe ta shi ne zaizaya a bakinta na gangare: ruwan da ya sauko daga kanta yana haƙa rami, ramin yana cin baya har ya shiga ƙarƙashinta, wata rana mota ta hau ta karye. Kariyarta bango ne mai zurfi a binne a bakin, da ragar waya cike da duwatsu a gabansa. Ita ma ragar tsatsa na cinta, in kuma waya ɗaya ta tsinke duwatsun sun fara tafiya ke nan. Bangon dalo da ke shiga ƙasa kuwa, shafi biyu ko uku na kwalta ake yi masa kafin a mayar da ƙasa, in kuma gwaji ya nuna jipsum a wurin, a nemi siminti mai jure salfet.

Ga dukkansu, babba da ƙarami, magana ɗaya ce ta fi kowace nauyi: kaurin kankaren da ke tsakanin rodi da waje. Santimita 3 ne mafi ƙanƙanta a inda iska kaɗai ke taɓawa, 5 a inda ƙasa da ruwa ke taɓawa. Abin da ke tabbatar da shi ƴan guntayen siminti ne da ake ɗaure wa rodin su tokare shi daga katako. Ba su da tsada, a wurin aikin ake yinsu. Amma je ka ga ranar zubi. Ma'aikata na tattaka ragar rodin da baro, ta lotsa ta kwanta kan katako. Wani ya tura tsakuwa a ƙarƙashi a madadin abin tokarewa. Rana ta take, kwaɓin ya fara ƙarfi, sai ka ji mai shebur ya ɗaga murya: "Shef, ya yi tauri, a ƙara ruwa." A ƙara bokiti biyu, aiki ya yi sauƙi, kankaren ya zama mai ƙofofi har abada. Ƙa'ida ita ce nauyin ruwa kada ya wuce rabin nauyin siminti, wato lita 25 ga buhu mai kilo 50, har da danshin da ke cikin rairayi.

Ruwan da ya iso gada kuma daga wani wuri ya fito. Tun 1975 ƙungiyar CARE ta fara dasa layukan bedi a kwarin Maggiya don tare iska. A 1984 aka fara babban aikin nan na Keita da kuɗin Italiya, tare da hukumomin FAO da PAM, inda mata suka yi dakon duwatsu a ka, aka yi kunyoyi da ramuka a jikin tsaunuka, aka dasa miliyoyin itatuwa, aka datse ƙoramu. Don gona da kiwo aka yi, amma hanya ma ta ci moriya, domin ruwan da aka rage wa gudu a kan tudu ba ya isowa dalo da fushi, ba ya kuma cika shi da rairayi. Inda waɗannan ayyuka suka lalace ba a gyara ba, dalo kan toshe, ruwa ya zagaye ta gefe ya cinye ƙasar da ke riƙe da shi, ya bar shi tsaye a tsakiyar ƙorama lafiyarsa lau, hanya kuwa babu.

Nauyi, da tsintsiya

Albasar Galmi da ta kwarin Tarka ita ce arzikin yankin, har Kumasi, Akara da Abijan take kaiwa. Buhunta kuwa an san shi, a cika shi a ɗora masa hula. Dokar ƙungiyar UEMOA mai lamba 14 ta 2005 ta ƙayyade tan 11 da rabi a kan gatari guda, tan 51 ga babbar tirela da kayanta. Injiniyoyin hanya na lissafin cewa in nauyin gatari ya ninka sau 2, ɓarnarsa ga kwalta takan ninka wajen sau 16. Lodin da ya wuce kima ba lalle ya karya gada nan take ba. Tsaga yake buɗewa, ya murje kwaltar da ke kare tabarmar, musamman inda direba ke taka birki kafin ya hau. Ba wanda ke son a takura wa manomin albasa, amma shi ne farkon wanda zai yi kuka ranar da hanya ta yanke kayansa na ruɓewa a bakin ƙorama.

Ranar 28 ga Janairu 2022 gadar Fern Hollow a birnin Pittsburgh na Amurka ta rufta da motar bas da wasu ƙananan motoci, Allah ya sa ba a rasa rai ba, a daidai ranar da shugaba Joe Biden zai ziyarci birnin ya yi jawabi kan gyaran hanyoyi da gadoji. Hukumar binciken haɗurran sufuri ta ƙasar ta gano cewa magudanan gadar sun daɗe a toshe, ruwa da datti na taruwa a ƙafafunta na ƙarfe har tsatsa ta huda su, masu duba gadar sun yi ta rubuta a gyara shekara bayan shekara ba a yi ba. Ƙasa mai wannan arziki, magudana ce ta kayar mata da gada.

Namu magudanan rairayi ke toshe su, da leda, da karan dawa. Gefen doron gada kan tara ƙasa har ciyawa ta tsiro, ƙasar nan kuma tana riƙe ruwa kwanaki bayan an ɗauke. Mutum biyu da shebur da tsintsiya da sandar ƙarfe za su gama da gada guda kafin azahar. A takarda akwai masu alhakin: asusun gyaran hanyoyi na FER, da ya gaji CAFER a 2017, shi ke tara kuɗin, ciki har da wanda direbobi ke biya a shingen hanya, hukumar AMODER kuma ke ba da ayyukan gyara. Hanyoyin karkara sun fi dogara da komin-komin, waɗanda kasafinsu bai taka kara ya karya ba. Kuma ko'ina a duniya sabon gini ya fi shara farin jini wurin masu mulki, tunda ba a yanka ƙyalle don an buɗe magudana.

Wa ke gani kafin a rufe?

Duk abin da aka lissafa a nan ɓoyayyen aiki ne. Rodi na shiga kankare, bangon dalo na shiga ƙasa, tabarma na shiga ƙarƙashin kwalta. Ranar karɓar aiki, abin da tawaga ke gani fenti ne fari da ja a jikin dogaran gada. A tsarin kwangilar da aka saba, bayan karɓar wucin gadi ana jiran shekara 1 kafin karɓa ta ƙarshe, ana riƙe da kusan kashi 5 cikin 100 na kuɗin ɗan kwangila. Tsatsa kuwa ba ta nuna kanta a shekara ɗaya. Sai bayan shekaru 10 ko 15 jan tabon ke fitowa, lokacin an sauya injiniya, an sauya magajin gari, kamfanin ma wataƙila ya sauya suna.

Saboda haka binciken da ke da amfani shi ne wanda ake yi kafin a rufe. Kundayen kwangila sun san da wannan, suna da matakan da ba a wucewa sai mai sa ido ya sa hannu: kafin zubi a auna tazarar rodi, kafin kwalta a duba tabarma a gwada kamunta. Ɗakin gwajin ayyukan gine-gine na ƙasa da ke Yamai na iya auna ruwa da ƙasa da ƙarfin kankare, akwai kuma ƴar na'urar hannu da ake gogawa a jikin busasshen kankare ta faɗi zurfin rodi ba tare da an fasa kome ba. Abin da ke ƙaranci shi ne mai sa idon da ke wurin a ranar, ba wanda zai zo daga Tawa bayan kwana uku ya tarar an gama ba. Yanzu da kowane shugaban ma'aikata ke da waya mai kyamara, ba abin da zai hana a wajabta hoton kowane mataki da ma'auni a jikinsa, a ajiye kwafi a ofishin komin tare da zanen ginin, don wanda zai zo gyara bayan shekaru 20 ya san abin da ke ciki.

Akwai kuma mataki guda da mutanen gari ke iya sa wa ido da kansu. Sabon kankare sai an shayar da shi ruwa aƙalla kwana 7, a rufe shi da jiƙaƙƙun buhuna ko danshin rairayi, domin simintin da ke fatar waje, wadda ita ce ke kare rodi, ya gama kamawa. A watan Afrilu a Tama, da iska mai zafi na kaɗawa, fatar nan na iya bushewa ta tsattsage tun ranar zubi. Ruwan shayarwar da tanka ko amalanken jaki ake kawo shi, kowace ganga da kuɗinta, shi ya sa yake cikin abubuwan da ɗan kwangila ke fara tsukewa. Hakimi ko kwamitin ƙauyen da ke kusa da wurin aiki na iya neman a gaya musu ranar zubi, su riƙa aika mutum safe da yamma har mako ya cika, ya taɓa buhunan ya ji ko da danshi, in babu a sanar da injiniyan da ke sa ido tun kafin a cire katako.